Yadda ake sabunta hular fitila ta gwanjo da adon manna takarda

A wajen masu kayan gwanjo, cikin tarin labule da agogunan bango da kayan kicin, ba a rasa fitilun tebur da na gefen gado waɗanda aka shigo da su daga Turai ko Amurka. Sau da yawa gindin fitilar lafiyarsa ƙalau, hular, wato murfin da ke kewaye ƙwan lantarkin, ita ce ta koɗe, ko ta yi dabbaren ruwa, ko adon bakinta ya ɓamɓare. Irin wannan hula ana iya mayar da ita sabuwa da takarda mai zane da farin gam da buroshi. Aikin shi ake kira dekufaj: a yanka takarda ko a yage ta, a manna a jikin abu, a bi ta da shafe har ta zama tamkar da ita aka ƙera shi.

Sana'ar ta yi tashe a birnin Benis na Italiya a ƙarni na 17 da na 18, lokacin da masu yin kabad da tebura suka riƙa manna zanen da aka buga a jikin katako, suna binsa da banish, wato man da ke sa katako sheƙi, sau da yawa don ya yi kama da kayan da ake kawowa daga Sin da Japan. To amma haske ba ya ratsa katako, hular fitila kuwa aikinta ke nan. Fuska biyu gare ta: wadda ake gani da rana fitila na kashe, da wadda ke bayyana da dare in an kunna. Duk abin da ido bai kama da rana ba, wato inda takarda ta hau kan 'yar'uwarta, da sawun buroshi, da rubutun da ke bayan takarda, da tsohon tabon da aka rufe, haske zai fito da shi fili. Don haka tun kafin a buɗe gam a ajiye fitila mai aiki a kusa, a riƙa ɗora hular a kanta ana dubawa a kowane mataki. Yawancin aikin da ya lalace rashin wannan dubawar ce ta lalata shi.

Hular da ta dace da wadda za a bari

Wadda ta fi daɗin aiki ita ce mai taurin jiki: farantin roba siriri ko kwali da aka naɗe tsakanin zoben waya biyu, aka lulluɓe shi da yadi ko takarda. In sama da ƙasanta faɗinsu ɗaya, wadda ake ce wa ganga, to wannan ce ta mai koyo, domin takarda na kwanciya a jikinta ba gardama. Mai tsukakken kai da faɗin gindi ita ma tana yiwuwa, sai dai tana buƙatar awo na musamman da za a zo kansa. Mai siffar ƙararrawa, wadda jikinta ya lanƙwasa ta tsaye kuma ta kwance, ba ta karɓar babban falle ko kaɗan, sai ƙananan gutsattsari.

Hular da yadi ne kawai aka ɗame a kan ƙarafa, ko wadda aka yi wa tattara, ba ta da bangon da za a manna wa komai. Gam zai jiƙa yadin ya saki, takarda ta yamutse. Wannan sai dai a tuɓe ta a sake mata sabon jiki, kuma wani aiki ne daban.

A kasuwa, kafin a biya kuɗi, a leƙa cikinta. Robar ciki in ta tsufa takan koma ruwan ɗorawa ta yi gautsi. A danna ta a hankali da babban yatsa: in ta lotsa ta dawo, tana da sauran rai, in ta yi ƙara ko ta tsage, a bar ta komai arharta, don za ta ci gaba da tsagewa a ƙarƙashin takardar. Tabon ƙuna a kusa da inda ƙwan lantarki yake alama ce ta cewa robar wajen ta gasu. A duba wayoyin da suka riƙe zoben tsakiya, kada a sami wadda waldarta ta rabu. Tsatsa kaɗan ba komai ba ce, samfefa na maganinta. Lotsawa mai zurfi kuwa, wadda ta bar layin karaya a jiki, ba ta ɓoyuwa, haske zai zana ta.

A auna ramin zoben da ke zama a kan mazaunin ƙwai. Hulunan Ingila raminsu kusan milimita 29 ne, daidai da mazaunin ƙwai mai kunne biyu da ake dannawa a murɗa. Na sauran ƙasashen Turai kusan milimita 40 ne, na ƙwai mai zare. Na Amurka galibi ɗan ƙaramin rami ne a sama wanda ke zama a kan wani ƙarfe da ya kewaye ƙwan. In hula da gindi ba tare suka zo ba, a gwada su tun a gaban mai kaya.

Takarda

Nan ne ya kamata a daɗe ana tunani, don takarda ce ke yanke yadda fitilar za ta haskaka.

Tishun tebur mai zane, wanda ake sayarwa a manyan kantuna da wajen masu kayan biki, shi ne ya fi barin haske ya wuce. Yawanci falle uku ne a haɗe, kuma na sama kaɗai ke da zane. Dole a raba su a yi aiki da na saman. Hanya mai sauƙi ita ce a manna ɗan salatif a kusurwar baya a ja, falle ɗaya zai biyo shi, a sake yi don na biyun. Mutane da yawa sukan cire ɗaya su zaci sun gama. In aka bar farin falle a baya, shi zai sha gam ya manne, mai zanen kuma ya tashi ya yi bororo. Fallen da ya rage ya yi sirantar da farin wajensa kan ɓace a cikin gam, launin hular ya bayyana ta cikinsa. Ma'ana, tishu sai a kan hula fara ko mai ruwan madara. A kan shuɗiya ko baƙa zanen nutsewa yake yi.

Takardar da masu kayan zane ke kira takardar shinkafa, mai nauyin giram 25 zuwa 30 a kowace murabba'in mita, ta fi tishu ƙarfi, ba ta saurin yagewa in ta jiƙe, kuma zaren da ke cikinta kan yi kyau ƙwarai a gaban haske. In ana samunta, ita ce zaɓin farko.

Takardar naɗe kyauta da tsohuwar taswira da takardar ofis mai giram 80 sun fi kauri. Suna rufe launin da ke ƙasa, amma suna rage haske, kuma duk inda biyu suka haɗu sai duhun wajen ya ninka. Jarida da mujalla da shafin littafi suna da wata matsala: an buga su gaba da baya. Da rana fure ake gani, da dare sai tallan da ke bayan furen ya fito a juye. A ɗaga kowace takarda a gaban ƙwai kafin a yanka. In bayanta na nunawa kuma ana son zanen, a kai shagon fotokwafi a buga shi a fuska ɗaya.

Nan ma akwai abin lura. Injin da ke buga takarda da hoda, irin na shagunan fotokwafi, bugunsa ba ya narkewa a ruwa. Ƙaramin firinta na gida mai tawadar ruwa kuwa, da zarar gam ya taɓa bugunsa sai launi ya malale. Haka ma siririyar takardar nan mai launi da ake cusawa a jakar kyauta: ja da shuɗi mai duhu sukan zuba. Gwajin bai da wuya. A jiƙa auduga a goga a gefen takardar, in audugar ta ɗauki launi, a nemi wata.

Duk takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ko wani nassi mai tsarki ba a yanka ta don ado. A duba tsofaffin kalandu da jaridu da kyau, gaba da baya, kafin almakashi ya taɓa su.

Ƙyallen atamfa daga wajen tela shi ma yana mannuwa da irin wannan gam, kuma a kan hular ganga yana fitowa da kyau. Sai an wanke shi tukuna don sitacin kamfani ya fita, ya kuma gama tsukewar da zai yi, sannan a goge shi sumul. Mai farar ƙasa da ƙananan zane ya fi mai duhu, wanda kan shanye hasken ya bar ɗaki da duhu-duhu.

Gam da sauran kaya

Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, ya wadatar. Fari ne a roba, in ya bushe ya zama garai. Akwai wanda aka haɗa musamman don wannan aiki, kamar Mod Podge, wanda gam ne kuma abin shafe ne a lokaci ɗaya, amma ba dole ba ne. Ga takarda mai kauri, a haɗa awo uku na gam da awo ɗaya na ruwa. Ga tishu da takardar shinkafa, awo biyu na gam da ɗaya na ruwa. Ga yadi, gam zalla, ko a ɗiga ruwa kaɗan don buroshi ya ja. A dama a hankali da cokali, kada a girgiza, don kumfa na bushewa a jikin aiki ya bar ƙananan ramuka. Haɗin tishu ya kamata ya yi kaurin kunu mai ruwa-ruwa: yana zuba daga cokali, amma yana barin farin shafe a bayansa. Hula mai faɗin santimita 30 da tsayin 20 ba za ta ci fiye da mililita 150 na haɗin ba, har da shafen ƙarshe.

Kada a yi amfani da kullun sitaci ko na fulawa. Suna mannewa, amma abincin kyankyaso ne da tururuwa, kuma da damina sukan yi fumfuna. Ƙaro ma, duk da amfaninsa a tawada, in ya bushe gautsi gare shi, kuma laima kaɗan ke narkar da shi. Gam mai ƙarfin wari na masu takalma yana ɓata takarda da tabo, wani yakan ci robar hular.

Sai buroshi mai laushin gashi, shimfiɗaɗɗe, mai faɗin santimita 2 zuwa 3, ƙaramin buroshi na zane, soso, almakashi mai kaifi da sabuwar reza, samfefa mai lamba 220 da mai lamba 400, farar leda mai santsi, fegin shanya kamar goma sha biyu, da banish na ruwa, wato wanda ake wanke buroshinsa da ruwa, ba da kananzir ko tina ba.

Shirya hular

A ɓare tsohon ribon ko leshin da ke baki, a kankare busasshen gam da bayan wuƙa. A kaɗe ƙura da busasshen buroshi, ciki da waje, sannan a goge da tsumma mai ɗan laima. Kada a tsoma hula mai taurin jiki cikin ruwa, gam ɗin da ya riƙe ta a jikin waya zai saki. A goge tsatsar waya da samfefa a shafa mata farin fenti, in ba haka ba ruwan gam zai tayar da tsatsar ta yi jan tabo a bakin takarda.

In jikin roba ne mai santsi, a bi shi sama-sama da samfefa mai lamba 220 don gam ya sami abin kamawa, a goge da sifirit. Gilashi kuwa a wanke da sabulu, a goge da sifirit, shi ke nan. In yadi ne a kai, a shafa masa haɗin gam sau ɗaya a bar shi ya bushe sarai. Dalili shi ne busasshen yadi na shanye gam nan take, kafin a ɗora takarda wajen ya riga ya bushe. Shafen farko na toshe ƙofofin yadin.

Batun fenti: mutane kan so su shafe tsohuwar hula da farin fenti don ɓoye tabo. Da rana yana yin kyau. Da dare kowane sawun buroshi sai ya fito, wani waje duhu wani waje haske. In tabon ya tilasta, a tsarma fentin ruwa a dangwala shi da soso, siriri, sau biyu, ana kunna fitila ana duba daidaito. In hular mai duhu ce tun asali, a haƙura da ratsawar haske, a sa takarda mai kauri, hasken ya fita ta sama da ƙasa. Irin wannan ma na da kyau a gefen gado.

Awo da yanka

Ga hular ganga lissafin a bayyane yake: faɗi sau 3.14 shi ne kewaye. Mai faɗin santimita 30 kewayenta ya ɗan haura 94. A ƙara santimita 1 don mahaɗa, da 1.5 a sama da 1.5 a ƙasa don lanƙwasawa ciki. Tishun tebur da aka buɗe yawanci santimita 33 ne ta kowane gefe, uku sun kewaye irin wannan hula, amma a tanadi shida saboda wanda zai yage.

Mai tsukakken kai ba ta aunuwa da miƙaƙƙen falle, don in aka warware jikinta lanƙwasasshe ne. A shimfiɗa babbar takarda a ƙasa, a kwantar da hular da mahaɗarta a bakin takardar, a riƙa mirgina ta a hankali ana bin bakin sama da na ƙasa da fensir har mahaɗar ta dawo ƙasa. A ƙara abin lanƙwasawa, a yanka, a gwada a jikin hular da fegi kafin a yanka takardar gaske ko yadin. A sani cewa zane mai miƙaƙƙun layuka zai tsaya daidai a gaba ya karkace a wajen mahaɗa. Babu dabarar da ke hana wannan in falle ɗaya ne. Ko dai a zaɓi zanen da ba shi da sama da ƙasa, ko a yanka takardar tsaye-tsaye gida takwas ko goma sha biyu, kowane yanki siriri a sama mai faɗi a ƙasa.

In furanni ko ganyaye za a fitar ɗaya-ɗaya daga tishu, yagewa ta fi yanka. A tsoma ƙaramin buroshi a ruwa a zagaye zanen da shi, a ja a hankali, zai rabu a kan layin da ya jiƙe. Yagaggen baki na narkewa cikin farar hula ba a ganin iyakarsa, na almakashi kuwa yakan bar layi. A takarda mai kauri akasin haka ne: yanka mai tsabta ya fi, a ɗan karkata almakashi don farin gefen takardar ya koma ƙasa.

Kafin gam, a jera komai a jikin hular da ɗan salatif mara ƙarfi, a kunna fitila, a ja da baya a duba. Nan ne za a yanke hukunci kan haɗuwar takardu. Hanya biyu ce ke yin kyau. Ko dai bakin wannan ya taɓa bakin waccan da hawan da bai wuce milimita 2 ko 3 ba, ko kuma a yi hawan da gangan ko'ina, ƙananan gutsattsari masu girma kusan ɗaya, har duhu da hasken su zama wani zane na kansu. Abin da ke muni shi ne tsaka-tsaki: manyan falle da suka hau juna nan santimita ɗaya, can uku.

Mannawa

A fara daga tsohuwar mahaɗar hular, don sabuwar ta faɗa a kanta, baya ya zama guda ɗaya. A sa hannu ɗaya a ciki yana tallafe bangon.

Da tishu, a shafa gam siriri a jikin hular, ba a jikin tishun ba, a tsiri mai faɗin santimita 8 zuwa 10 daga sama har ƙasa. Siriri na nufin wajen ya yi sheƙi amma ba a ganin fari ya taru. A saukar da tishun a hankali daga gefe ɗaya. Kada a taɓa shi da yatsa kai tsaye, jiƙaƙƙen tishu na bin yatsa ya yage. A ɗora farar leda a kai, a shafa ta saman ledar daga tsakiya zuwa gefe da tsumma mai laushi, sannan a ɗaga ledar daga kusurwa. A shafa tsiri na gaba a ci gaba. Tishu in ya sauka ya sauka, ba a ɗaga shi a gyara masa zama. Ƙananan tamoji ba makawa sai an samu, yawancinsu kuma sukan kwanta in ya bushe, don takarda na tsukewa. Wanda ya nace sai ya miƙar da kowanne shi ke ƙarewa da rami.

Akwai masu shafa gam ta saman tishu nan take tun yana jiƙe. A kan faranti ko katako yana yiwuwa. A kan hula, inda bango ke motsi a ƙarƙashin buroshi, gara a jira ya bushe. Akwai kuma dabarar bin tishu da dutsen guga a kan busasshen gam. Wannan ta katako ce, zafin zai lanƙwasa robar hula.

Takarda mai kauri halinta daban ne. Ruwa na sa ta buɗe, ta ƙara faɗi. In aka manna ta a bushe, za ta buɗe bayan ta riga ta kama, ƙarin ya rasa inda za shi sai ya tashi ya zama tamoji. Maganin shi ne a shafa gam a bayanta, a ajiye ta minti ɗaya zuwa biyu ta gama buɗewa ta yi laushi, sannan a shafa wa hular siriri a ɗora. A bi ta da tsohon katin roba da aka naɗe da tsumma, daga tsakiya zuwa baki, ana korar iska da rarar gam. A share rarar da soso mai laima tun ba ta bushe ba.

Yadi kuwa a jikin hular kaɗai ake sa gam. In ya yi yawa zai huda yadin ya bar dabbare mai sheƙi wanda ba ya fita. A riƙa shimfiɗawa ba tare da ja ba, don ja na karkatar da zane. Bakin ƙarshe a ninke shi ciki da santimita 1, a goge da dutsen guga tun kafin a fara, a manna shi a kan na farko.

Bororon iska da aka gani bayan an wuce, a huda shi da allura, a tura ɗan gam da ƙaramin buroshi, a danna ta saman leda. In tishu ya yage, a bari ya bushe, a yago daidai wannan zanen daga wani tishun, ɗan ƙarami, a ɗora. Faci babba zai nuna a haske.

Yanayi na da hannu a aikin. Da hunturu gam na yin fata cikin 'yan mintuna, sai a rage faɗin tsirin zuwa santimita 5 a ƙara ruwa kaɗan, a kuma kifa kwali a kan hular tana bushewa saboda ƙura. Da damina shafe ɗaya kan ɗauki awa biyu ko fiye. Ko yaushe ne, a inuwa ake busarwa. Rana na busar da waje kafin ciki, takarda ta tsuke da sauri ta ɗaga baki, roba kuma ta lanƙwashe. Hular kwali ta fi kowace saurin karkacewa in gefe ɗaya ya jiƙe da yawa, don haka a yi mata aiki kaɗan-kaɗan, a bar wani ɓangare ya sha iska kafin a shiga na gaba.

Baki da shafen ƙarshe

Bayan jiki ya bushe, a tsattsaga rarar da ke sama da ƙasa da almakashi duk bayan santimita 2, da kuma daidai inda wayoyin tsakiya suka haɗu da zobe. A shafa gam zalla a jikin zoben, a lanƙwasa rarar ciki ta rungume wayar, a tura bakin ƙarƙashinta da katin roba, a kama da fegi. A sa ɗan guntun leda tsakanin fegi da takarda don kada su manne. Rarar da ta zarce zobe ta kwanta a bangon ciki za ta fito kamar inuwa mai haƙora in an kunna, saboda haka a datse ta da reza daidai gindin wayar. Tishu ba ya jure lanƙwasawa. Shi a bar shi ya bushe ya yi tauri, a goge rarar da samfefa a kan bakin zoben, ana ja ƙasa ta fuska ɗaya, za ta yanke tsaf. Sannan a rufe bakin da ribon mai faɗin santimita 1.5 zuwa 2, rabi waje rabi ciki.

Shafen farko na sama a yi shi da haɗin gam, da buroshi mai laushi, ja ɗaya a kowane waje ba komowa. In ya bushe sai banish na ruwa sau biyu, siriri, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance don sawun buroshi su kashe juna. Tsakaninsu, in an ji gurzau, a shafa samfefa mai lamba 400 da sauƙin hannu a share ƙurar. Masu aikin katako kan yi shafe da yawa har bakin takarda ya nutse. Hula ba ta son haka: kauri na rage haske, kuma yana tsagewa in bango ya lotsa.

Dalilin ƙarewa da banish shi ne farin gam shi kaɗai ba ya jure laima. Da damina yakan yi danƙo ya kama ƙura, jiƙaƙƙen tsumma kuma na mayar da shi fari. Banish na mai kuwa yana sa farar takarda ta koma ruwan ɗorawa, yana kuma ratsa ta ya bar dabbare kamar na maiƙo. Mara sheƙi ya fi mai sheƙi ɓoye tamoji. In shafe ya bushe da hazo-hazo, ko dai ya yi kauri ko an ɗora shi a kan wanda bai gama bushewa ba. A ba shi kwana biyu a waje mai iska, sau da yawa yakan washe da kansa. Yadi bai buƙatar banish, yakan sa shi ya yi tauri ya dushe.

A bar hular kwana uku kafin a ɗora ta a fitila. Taurin gaske sai bayan 'yan makonni, kafin nan kada a naɗe ta a leda ko a jingina ta da wani abu.

Ƙwai da waya

Takarda da gam abin cin wuta ne, don haka ƙwan LED kaɗai za a sa. Tsohon ƙwai mai zaren wuta kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkin da yake sha zafi yake zama. LED mai wat 8 ko 9 na ba da hasken da ya yi daidai da tsohon mai wat 60, da zafi kaɗan. Duk da haka gindinsa na ɗumi, saboda haka a bar aƙalla santimita 5 tsakanin ƙwai da bango, kada kuma a toshe saman hular. A karon farko a kunna na rabin awa a taɓa bangon ciki. In ya wuce ɗumi, a sa ƙaramin ƙwai. Irin wannan hula ba ta hawa fitilar kananzir ko kyandir ko da wasa.

A kwalin ƙwai akan rubuta launin haskensa. Mai 2700K ko 3000K haskensa ɗorawa-ɗorawa ne, yana raya ja da ruwan goro da ruwan ƙasa. Mai 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi, yana kashe waɗannan launuka, yana kuma tona kowane aibi na mannawa.

Gindin fitilar gwanjo a kai shi wajen mai gyaran lantarki ya duba waya da makunni da filogi. Wayar da ta bushe ta tsattsage a canza ta gaba ɗaya, ba a naɗe ta da salatif ba. In daga Amurka ta zo, an yi ta ne don wuta mai bolt 120, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce, don haka a cire ƙwan da ta zo da shi, mai gyara ya tabbatar mazaunin ƙwai da makunnin za su ɗauki wutarmu ko ya sauya su. Sharar hular daga baya da busasshen buroshi mai laushi ce, sau ɗaya a mako lokacin hunturu. Tabon hannu kuma a goge shi da tsumman da aka matse sosai, fitila na kashe kuma an zare filogi.